Naira 2,000 ɗin Gwaggo da gwajin t

Gwaggota tana da gidan abinci a Birnin Kebbi: tuwon shinkafa, dafa-duka, da kifin da ake kawo mata daga Yauri. Ta daɗe tana cewa in aka haɗa mai yawa da mai kaɗan, kowane mai saye Naira 2,000 yake kashewa, kuma a kan wannan take cefane. Na roƙi littafin cinikinta in gwada maganar da gwajin t, dabarar lissafi ta auna ko ɗan samfuri ya saɓa wa abin da ake hasashe, wadda William Gosset ya wallafa a 1908 da sunan aro "Student", yana ma'aikacin kamfanin Guinness a Dublin. Shi ma da ɗan samfuri kaɗan yake fama.

Zaɓen abin da zan lissafa ya fi lissafin wuya. In na ɗebi shafin ranar da wani ofis ya yi odar kula-kula, matsakaicin zai haye sama. Sai na sa wa cinikin wata guda lamba, na bar manhajar kwamfuta ta Excel ta zaɓo 36 da ka. Matsakaicinsu ya fito Naira 1,850, ma'aunin warwatsuwarsu, wato irin nisan da ciniki kan yi daga matsakaicin, kuma 540.

Daga nan abu ne mai sauƙi. Lambar da za a ninka da kanta ta ba da 36 ita ce 6, to 540 raba 6 ya zama 90: irin tangaɗin da matsakaici zai iya yi don kawai wasu aka zaɓo ba wasu ba. Giɓin da ke tsakanin 1,850 da 2,000 kuwa 150 ne. Raba shi da 90, t ta tsaya a 1.67 ta ɓangaren ƙasa. A ma'aunin kashi 5 cikin 100, wato yarda da a ƙaryata hasashe na gaskiya bisa kuskure sau 5 cikin 100, a samfurin 36 sai t ta wuce 2.03, sama ko ƙasa, kafin a ƙaryata hasashe irin na Gwaggo. Ba ta kai ba.

"Ka gani ko, ɗan nan? Tun ba a haife ka ba nake wannan sana'a," in ji ta.

Na ce, "Gwaggo, ba gaskiya aka ba ki ba, shaida ce ba ta isa ba." Nan ne mutane ke zamewa, har da masu karatu. Abin da takardun suka yarda da shi kawai shi ne, ainihin matsakaicin yana tsakanin kusan 1,667 da 2,033. Naira 2,000 ɗinta tana ciki, amma a bakin gaɓa. Kuma 150 ba wasa ba ce: masu saye 100 a rana, Naira 15,000 ke nan, a wannan tsadar gas da man gyaɗa.

Da ciniki 100 na ɗauka kuma alƙaluman suka tsaya yadda suke, 90 ɗin za ta koma 54, t ta kai 2.78, hukunci ya juye. Shi ya sa na ce wa yarinyar da ke karɓar kuɗi ta riƙa ware odar ofis da ta biki a shafi daban, ta kuma rubuta kowane ciniki shi kaɗai maimakon jimillar yamma.