Godiya bayan zamanmu kan yawan gyatsar yara

Alhamdu lillahi, zama ya tashi lafiya. Mu ma'aikatan lafiyar yara muna miƙa godiya ga iyaye mata da suka zo da goyonsu suka zauna har ƙarshe, da kakanni, da magidantan da suka rako iyalansu, da ungozomomin da suka taya mu nuna yadda ake riƙe jariri. Allah ya saka da alheri, ya raya mana yaran nan.

Da yawa sun roƙi mu rubuta abin da aka faɗa, to ga shi. Gyatsa iska ce da yaro ya haɗiya take neman hanyar fita. Don haka gyaran yana wajen shayarwa, ba wajen mai sayar da magani ba.

Jaririn da ya kama kan nono kawai, bai haɗa da baƙin da ke kewaye da shi ba, za ki ji bakinsa yana ƙara tsat-tsat, iska ce ke shiga. Sa ɗan yatsanki a gefen bakinsa ki cire shi, ki sake ɗora shi idan ya wangale baki. Kada kuma a bari sai ya gaji da kuka kafin a ba shi, mai kuka cikinsa ya riga ya cika da iska. Mai shan fida kuwa, a karkata kwalbar har madara ta cika kan robar. A kifa ta a gani: ɗigo ya kamata ta yi, ba zuba ba. Idan an girgiza madara, a bar kumfar ta kwanta tukuna.

A sa shi gyatsa duk bayan mililita 60 zuwa 90, ko lokacin sauya nono. A ɗora shi a kafaɗa, haɓarsa a sama, a riƙa shafa bayansa ana ɗan bubbugawa da tafi a lanƙwashe. Bayan ya ƙoshi a riƙe shi a miƙe minti 15 zuwa 20. Barci dai a rigingine, ba ruf da ciki ba.

Ga waɗanda suka tasa, lemo mai gas, cingam, cin abinci da gaggawa da toshewar hanci su ne kan gaba wajen jawo yawan gyatsa.

Muna roƙonku, jaririn da bai kai wata 6 ba kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo don gyatsa. Ɗan tumbuɗi ba abin tsoro ba ne, yawanci yakan daina kafin shekara guda. Amma idan amai na fita da ƙarfi kamar an feso shi, ko ya zo kore ko da jini, ko ciki ya kumbura ya yi tauri, ko yaro ya ƙi nono, ko nauyinsa ya tsaya a wajen awo, a kawo shi asibiti a ranar, kada a kwana.