Na gyara wa Kawu rana, na rasa labari

Har yau haushin kaina nake ji. Wata biyu ina lallaɓa Kawu kafin ya yarda mu taka Unguwar Sarki ta Kaduna a ƙafa, inda ya yi ƙuruciyarsa. Da sanyin safiya muka taso daga Masallacin Sultan Bello. A 1962 aka gina shi, kuma Kawu ya ce sun sha kora daga kan yashin magina suna yara. Tun daga nan bakinsa ya buɗe: nan da fili ne, can gidan wani minista, nan suke tsayawa kallon motar Firimiya.

Muna isa Arewa House a titin Rabah, gidan Sardauna Ahmadu Bello, Firimiyan Arewa, sai Kawu ya tsaya cak. Murya ƙasa-ƙasa ya soma ba ni labarin daren da aka kashe Sardaunan tare da matarsa Hafsatu. Cikin azumi ne, in ji shi, ranar Juma'a da dare, mahaifiyarsu ta tashe su da jin ƙarar harbi.

Ni kuwa, uban 'yan iyawa, sai na zaro waya. "Kawu, ai 15 ga Janairun 1966 Asabar ce."

Ya dube ni ya ce, "To, ɗana, tunda tana hannunka, ita ta ƙarasa maka."

Shi ke nan. Muka bi titin Ali Akilu har gidan adana kayan tarihi, tsohuwar hedikwatar NPC, jam'iyyar su Sardauna, daga "uhm" sai "haka ne". Wajen Lugard Hall ma, ginin majalisar dokoki, ko ɗaga kai bai yi ba. Gadar Lugard ta Gamji, wadda aka fara kafawa a Zungeru a 1904, ko zancen zuwa ban iya yi ba.

Abin takaicin, bai yi kuskure ba. Cikin talatainin dare aka kai harin; wanda ya kwanta ran Juma'a harbi ya tashe shi, me zai kira daren? Kwanan wata yana nan a kowane littafi, ko yaushe zan same shi. Abin da tsohuwa ta ce wa 'ya'yanta a cikin duhu kuwa, a bakin Kawu kaɗai yake, kuma daidai gaɓar na katse shi.

In za ka fita da dattijo, bar waya a aljihu. Shekarar da ta shige maka duhu, duba ta in ka koma gida.

Sau biyu na koma masa da goro. Ya karɓa, ya sa albarka, ya ce ƙafa na damunsa, sai dai in sanyi ya wuce.