Kufan fada a tsakiyar tafkin Leven

Jama'a, duk wanda Allah ya kai shi Skotlan, ya daure ya je garin Kinross ya hau ƙaramin jirgin ruwa zuwa fadar Lochleven. Tana kan tsibiri ne a tsakiyar tafki. Rufinta ya daɗe da zubewa, amma hasumiyar duwatsun da aka gina tun ƙarni na 14 tana nan tsaye ƙyam.

A nan aka tsare Sarauniya Mary ta Skotlan a 1567, aka tilasta mata sauka daga karagar mulki ta bar wa ɗanta James, yana ɗan shekara ɗaya kacal. A watan Mayun 1568 ta samu ta tsere ta ruwa.

Ni abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne yadda ake kula da wurin. Hukumar Historic Environment Scotland, mai kula da wuraren tarihi na ƙasar, ba ta sake gina shi ba, ba ta shafa masa fenti ba. Na matsa jikin bangon, na ga inda aka bi tsakanin duwatsu aka cike tsagu a hankali don kada ruwan sama ya shige ya ci ginin. Aiki ne na haƙuri, wallahi, wanda mai wucewa ba zai ma lura da shi ba. Doka kuma ta hana kowa cire dutse ko haƙa ƙasa a wurin ba izini.

Tsibirin ma da bai kai haka girma ba. Sai da aka rage ruwan tafkin a wajajen 1830 fili ya fito a kewayen ganuwar.