Shekarunki Nawa? Tafiyata Daga Kano Zuwa Nima

Danginmu suna da reshe a Gana tun zamanin fataucin goro, lokacin da ayari kan tashi daga Kano da kanwa da baƙin rini ya nufi Gwanja, ya sauke kaya a Salaga. Wani kakanmu na can sama ya bi ayari bai dawo ba, zuriyarsa ta yi ta gangarawa kudu har suka zama 'yan Nima a birnin Akra. Zumuncin bai yanke ba, sai dai ya koma na waya. Da aka sa ranar auren wata 'yar gidan, suka ce wannan karon sai sun ga ƙafar mutanen Kano. Goggo ce ta san hanya, don ta daɗe tana saro atamfa a Kwatano da Lome. Ni kuma makaranta na hutu, maigida ya amince, na kai yarana biyu wurin Umma na ɗauki jaka.

Shekarata 31 a lokacin, malamar lissafi ce ni a sakandaren 'yan mata. Amma ƙaramin ruwa gare ni, ga gajarta, ga fuskar da ta ƙi manyanta. In na sa hijabi na shiga cikin ɗalibaina, baƙo ba ya ware ni. Mata kan ce min, "Ke kam kin huta, ba za ki tsufa ba." Na gode wa Allah da halittarsa. Sai dai masu faɗin haka ba su taɓa kai ɗansu asibiti jikinsa rau da zazzaɓi a ce musu su je su kira uwar yaron ba.

Motar dare muka hau a Sabon Gari. Ba mu bar tasha ba yaron mota ya ce, "Ke yarinya, ɗauke wa Hajiya jakar nan." Na ɗauke, don Goggo ta isa a ɗauke mata kaya ko da furfura a kaina. Muka ratsa Kaduna, Abuja, Lokoja, gari ya waye mana a ƙasar Yarbawa. Muka kwana a Agege wurin 'yan uwa, da asuba muka nufi tashar Mile 2, inda motocin Kwatano da Lome da Akra suke lodi. Daga Badagiri zuwa Seme shingaye ne bi da bi, kowa ya leƙo ya kalli fuskoki ya ce a wuce.

Iyakar Seme yanzu babban gini ne guda, wanda Buhari da shugaban Benin na lokacin, Patrice Talon, suka buɗe a Oktoban 2018, jami'an ƙasashen biyu suna aiki a harabar ɗaya. Ba a neman biza, albarkacin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 da ta bai wa ɗan yankin damar shiga ya zauna har kwana 90. Fasfo kawai, da katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa. Tun a Kano Goggo ta karɓe nawa ta haɗa da nata a jakar hannunta, wai kar ya faɗi. Da layi ya zo kanmu, ita ta miƙa duka biyun.

Jami'ar ta buɗe nawa, ta kalli hoton, ta kalle ni, sannan ta daɗe tana kallon Goggo: leshi mai nauyi, zobba a yatsu, waya biyu a hannu. Sai ta juya harshe zuwa Hausa, irin ta mutanen Filato.

"Hajiya, me ya sa fasfonta yake hannunki?"

"'Yar yayana ce," in ji Goggo.

"Ban tambaye ki ko 'yar wa ce ba. Ƙanwata, biyo ni. Hajiya, ke ki jira a nan."

Ta kai ni wani ɗaki a gefe, ta turo ƙofa. Wa ya biya miki kuɗin mota? Me aka ce za ki je yi a Gana? An yi miki alkawarin aiki? Iyayenki sun san kin taho? Ta sassauta murya ta ce in akwai abin da nake tsoron faɗa a gaban Hajiya, yanzu ba ta ji. Raina ya ɓaci har na ji yatsuna suna rawa. Na ce mata ga fasfo nan a hannunta, 1993 aka rubuta, ta karanta mana.

"Na karanta," ta ce. "Fasfo abin da aka gaya masa yake faɗi."

Maganar ta tsaya min, don gaskiya ce. Wanda ba shi da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, kotu yake zuwa a yi masa takardar rantsuwar shekaru, kuma da ita ake yin katin ɗan ƙasa da fasfo. Mai son ƙara wa yarinya shekara biyar ya san ƙofar da zai bi. Ita kanta Goggo fasfonta cewa ya yi 1 ga Janairun 1965, alhali kowa a gidanmu ya san an haife ta shekarar da Ado Bayero ya hau sarautar Kano, wato 1963, kuma da damina.

Don haka jami'ar ta ajiye takarda ta koma tambayar abin da ke cikin kai. Wace shekara kika gama sakandare? 2011. Wa ke gwamna? Na ce shekarar ce Malam Shekarau ya sauka, Kwankwaso ya dawo karo na biyu. Ina kika yi bautar ƙasa? Na faɗa mata. Ban san lokacin da na ƙara da cewa ina 'yar shekara tara jirgin sama ya faɗo a Gwammaja, a watan Mayun 2002, kuma har yau ina tuna hayaƙin da muka hango daga saman soronmu da yadda Umma ta fito ba mayafi tana kiran sunan yayana da aka aika wajen. Na ciro katin aikina, na nuna mata hoton yarana a waya. Ta kalli babban, wanda yake aji uku a firamare, ta miƙe tsaye ta miƙo min fasfon da hannu biyu.

"Ashe yayata ce. Ki yafe ni, Malama. Amma daga yau ki riƙe abinki da kanki."

Ta ce abin da ta gani a layi shi ne abin da aka koya musu su lura da shi: babbar mace mai alamun kuɗi, yarinya shiru a bayanta, takardun yarinyar a jakar babbar.

Da na fito ne na lura da bencin da ke bakin ɗakin. 'Yan mata uku ne a kai, babbarsu ba za ta wuce sha uku ba. Ƙaramar ta sa silifas na manya, dugaduganta sun tsaya a tsakiyar takalmin, ta rungume baƙar leda da duk kayanta ke ciki. Wani mutum yana tsaye yana rantsuwa shi kawunsu ne, biki za su, kuma babbar ta kai sha tara. Ba mai takarda a cikinsu. Aka tambayi babbar shekarunta, sai ta ɗaga kai ta kalli bakin mutumin. Direbanmu yana ta danna oda, Goggo ta ja hannuna, muka bar su a nan.

Daga Seme har Kwatano ban yi magana ba. Ɓacin raina bai wuce ba, don ba daɗi a tsare mace mai aure a tambaye ta ko iyayenta sun san ta fito. Amma ni ina da abin nunawa, minti kaɗan aka sake ni. Yarinyar da ba a rubuta ranar haihuwarta ko'ina ba, duk wanda ya riƙo hannunta shi ke yanka mata shekaru: ya ƙara in zai tsallaka da ita iyaka ko zai aurar da ita, ya rage in za a yi cinikin albashinta. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa. Wannan hanyar gaɓar teku kuma ta daɗe da sanin irin wannan fataucin. A Afrilun 2001 duniya ta ji labarin Etireno, jirgin ruwan da ya tashi daga Kwatano da yara za a kai su aikatau Gabon, aka hana shi sauke su ya juyo. Bayan shekara biyu Najeriya ta kafa NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, ta kuma yi dokar kare haƙƙin yara da ta ce duk wanda bai cika 18 ba yaro ne. Kuma kada mu ɗora wa mutanen kudu su kaɗai. 'Yan aikatau nawa ne a gidajenmu na Kano da dillaliya ta kawo daga ƙauye, uwar gida ba ta taɓa tambayar shekarunsu ba?

Kwatano ta karɓe mu da 'yan acaɓarta masu rawayar riga, da fetur a manyan kwalabe jere a bakin titi. Muka yi azahar a masallacin Zango, Goggo ta canza naira zuwa sefa wurin wani Bazabarme da suka saba. Daga nan sai Wida, Grand-Popo, itatuwan kwakwa a hagu teku na leƙowa ta tsakaninsu. A Hillacondji, iyakar Benin da Togo, na miƙa fasfona da hannuna, jami'in ya ɗaga gira ya sake duban shekarar, ya buga hatimi. Shiga Togo aka ce mu mayar da agogo baya da awa ɗaya. Faɗin ƙasar ta bakin teku bai fi tafiyar Kano zuwa Wudil da ɗan ƙari ba, kuma iyakar Aflao a jikin birnin Lome take, kana fita daga unguwa kana shiga Gana. Muka haye kogin Volta ta gadar Sogakope da magariba, muka ratsa Tema, muka shiga Nima ana kiran isha'i.

Hausar Nima daban take da tamu, amma ba mu nemi tafinta ba. Da safe aka kawo koko da ƙosai, da rana wake da shinkafa da baƙin yajinsu mai kifi. Ni kuwa tun daren farko aka shimfiɗa min tabarma a ɗakin ƙawayen amarya, washegari aka miƙo min ankon 'yan mata.

Hajiya Babba ce ta gyara lamarin. Ita ce mafi tsufa a gidan, ita ma ba ta da takardar haihuwa. Lissafinta shi ne tana goyon ɗanta na fari lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, a ƙarshen 1969, ta ga an loda maƙwabtanta a manyan motoci da tukwanensu, har da waɗanda a Nima aka yanke musu cibiya. Ta kira ni ta ce, "Jikata, ke yaushe za mu sha naki bikin?"

Goggo ta riga ni amsawa. "Hajiya, wannan 'ya'yanta biyu. Shekarar da aka soke zaɓen Abiola aka haife ta."

Tsohuwar ta lanƙwasa yatsu tana ƙirgawa a hankali, sannan ta sa aka kira uwar amarya. "Kun ajiye uwa a ɗakin yara. Ku karɓi ankon nan ku kawo mata na iyaye, ku mayar da kayanta ɗakina."

Ranar kai amarya muryar Goggo ta dishe saboda guɗa da gajiyar hanya. Da aka zo damƙa amana ga dangin ango a unguwar Mamobi, Hajiya Babba ta ce mutanen Kano su yi magana, ta nuna ni da sandarta. Wata daga dangin angon ta yi ƙasa da murya ta ce wa ta kusa da ita, "Wannan 'yar?" Na ji ta sarai. Na gyara mayafina, na yi sallama, na fara da sunan kakanmu da ya bi ayari.