Godiya ga mutanen Agege da mutanen Azru

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Tun ranar Lahadi da aka watse daga walimar da Baba ya shirya a ƙofar gidanmu a Agege nake son rubuta wannan. Jama'a sun zo, sun yi addu'a, sun dafa mini kai, amma na lura ba kowa ne ya san takamaiman abin da ya faru ba. Wasu sun ji an ce haɗarin mota ne, wasu sun ji an ce ɓata muka yi a daji. To ga yadda abin yake daga bakina, don godiyar ta isa ga masu ita.

Kamar yadda da yawanku suka sani, ina karatu a birnin Fas na ƙasar Maroko. A watan Janairun da ya wuce, ranar Juma'ar da muka gama jarrabawa, muna zaune a ɗaki bayan isha'i sai ɗaya daga cikinmu ya nuna mana bidiyon dusar ƙanƙara tana zuba a Ifran, wani gari da ke kan duwatsun Atlas, kilomita 60 da 'yan kai daga inda muke. Mu shida ne: ni, da 'yan Kano biyu, da ɗan Zariya, da ɗan Sakkwato, da ɗan Agadas. Babu wanda ya taɓa ganin dusar ƙanƙara da idonsa. Kafin shayi ya huce mun yanke shawara. Ba mu duba hasashen yanayi ba, ba mu tambayi ɗaliban da suka riga mu zuwa ƙasar ba, kuma babu wanda ya gaya wa gida.

Da sassafe muka je tasha muka cika tasi guda, irin manyan nan masu ɗaukar mutum shida. Direban dattijo ne mai furfura. Ya daɗe yana kallon takalmanmu, duk kambas ne, sannan ya ce mu sayi safa bibbiyu kafin a tashi. Muka saya, muka bi ta Imuzzar, mota tana ta hawa, kunnuwanmu suna toshewa suna buɗewa.

Ba zan ɓoye muku ba, abin da muka gani ya kai a gani. Ifran tana kan tudun mita 1,665, wato ta ɗara Jos da fiye da mita 400. Faransawa ne suka gina ta a 1929 don su riƙa gudun zafi, shi ya sa rufin gidajen jajaye ne masu tsini, yadda ƙanƙara za ta zame ta faɗo da kanta. Na sa hannu na damƙi dusar, ga ta fara sol kamar gishiri amma ba nauyi, in ka matse ta sai ta dunƙule, in ka taka ta sai ta yi ƙurus-ƙurus. Amma abin da ya fi kama ni shi ne shirun wurin. Ni da na tashi a Agege, inda ko ƙarfe biyun dare ba ka rasa ƙarar janareta ko hon ɗin danfo ko wucewar jirgin ƙasa, sai ga ni a inda nake jin fitar numfashina. Na tsaya na yi tasbihi. Muka ɗauki hoto a jikin wani zaki da aka sassaƙa da dutse a tsakiyar gari, na ɗora a WhatsApp wajen ƙarfe ɗaya, ban kawo komai a raina ba.

Da a nan muka juya da shi ke nan. Sai muka ce tunda daga nan zuwa garin Azru kilomita 17 ce kawai, a ƙarasa a ga dajin dogayen itatuwan da Larabawa ke kira arzu, da biran da ke cikinsa. Direba ya dubi sama, ya ce sai dai in za mu yi sauri, mu kuwa muka shagala. Wajen la'asar gari ya rufe, iska ta taso, dusa ta riƙa zuwa a gicciye har ba ka ganin gaban mota. A wata kwana tayoyin suka zame, motar ta sulale a hankali ta kwanta a gefen hanya. Ko ƙwarzane babu wanda ya samu, amma mota ta ƙi fita, kuma babu mai wucewa, domin idan ƙanƙara ta yi yawa jami'ai kan sauke shinge su rufe hanyoyin dutsen. Wayoyinmu kuwa, ɗaukar hoto ya cinye rabin cajin, sanyi ya ƙarasa sauran. Sai ranar na san batir ba ya jure sanyi.

Ga inda laifinmu ya fi girma, kuma da izinin mai abin nake faɗa. Ɗaya daga cikinmu yana da ciwon sikila. Duk mun sani. Mun kuma san sanyi, da tsayin wuri, da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar da ciwon, amma zumuɗi ya sa babu wanda ya ce masa ya zauna, ko a fasa tafiyar saboda shi. Muna tsaye a bakin motar ya dafa ƙugu ya durƙusa. Wanda ya taɓa zama da mai sikila ya san wannan durƙuson.

Godiyata ta farko, bayan ta Allah Maɗaukakin Sarki, ga direban nan take. Bai tsaya faɗa ba, ko da yake yana da gaskiyar yin faɗan. Ya tuɓe jallabiyarsa ta ulu mai hula ya zura wa abokinmu, shi ya rage daga shi sai suwaita. Ya ce akwai gidan yayarsa a gangare, mu bi sawunsa, kada kowa ya kauce. Muka riƙa goyon abokinmu bi da bi. Tafiyar ba ta kai awa guda ba, amma ƙafafuna sun daina jin ƙasa tun kafin mu yi rabi.

Tsohuwar da ta buɗe mana ƙofa ba ta jin Larabcin da muke karantawa a aji, mu kuma ba ma jin yarenta na Amazik. Ta ga baƙi shida da ba ta san daga ina suke ba, da magariba, a jiƙe, ta matsa gefe kawai ta ba mu hanya. Na ruga wajen murhu zan kanga yatsuna, sai ta buge mini hannu, ta kawo roba da ruwa mai ɗan ɗumi ta tsoma su a ciki. Daga baya likita ya ce mini daidai ta yi, domin yatsan da sanyi ya kashe ba ya jin ƙuna, sai ya ƙone mai shi bai sani ba. Da jini ya fara dawowa na ji kamar ana soka mini allurai, hawaye yana zuba, ita kuma tana riƙe da wuyan hannuna ta ƙi saki.

Tana ta nuna abokinmu tana cewa "aman, aman." Ɗan Agadas ya zabura ya ce ai ruwa take nufi, haka Buzaye ma suke faɗa. Daga nan shi ya zama tafintanmu, da kalma ɗaya-ɗaya da nuni. Ta lulluɓe mara lafiyar da barguna har uku, ta cika kwalabe da ruwan ɗumi ta jera masa a baya, ta riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan har gari ya waye. Mu kuma aka zuba mana wata miya mai zafi da suke kira harira, da gurasa da shayin na'ana'a. Da za mu kwanta muka jawo kaskon gawayi cikin ɗaki za mu rufe ƙofa, ɗanta ya zo ya ɗauke shi ya fitar, ya nuna hanci, ya kwantar da kai a tafin hannu, ya girgiza yatsa. Mun fahimta: hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe mutum cikin barci ba tare da ya farka ba. Da mu kaɗai ne a ɗakin nan, Allah ne kaɗai Ya san yadda za a wayi gari.

Wuta ta ɗauke, babu sabis a kwarin, don haka babu yadda za mu yi mu sanar da kowa. Abin da ya faru a Legas a wannan daren sai da na dawo na ji shi filla-filla, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai.

Yayata ce ta ga hoton. Ta kira ni bayan la'asar, waya a kashe. Agogonmu da na Legas ɗaya ne a lokacin, don haka ba a ce ko barci nake ba. Ta rubuta sunan garin a intanet, abin da ta fara cin karo da shi shi ne a Ifran aka taɓa auna sanyi mafi tsanani a tarihin Afirka, digiri 23.9 ƙasa da sifiri, a watan Fabrairun 1935. Ta yi ƙoƙarin ɓoye wa Umma, amma uwa ba a ɓoye mata fuska. Kafin isha'i labari ya karaɗe layinmu.

Ina gode wa Malam Liman na masallacin layinmu, da dattawan da suka zauna bayan isha'i suka yi ta addu'a, suka ƙi barin Baba shi kaɗai. Ina gode wa matan gidanmu da na maƙwabta da suka cika ɗakin Umma. Sai Iya, maƙwabciyarmu Bayarabiya mai sayar da abinci a bakin layi, wadda ta san ni tun ina rarrafe. An ce ta rufe tukwanenta da sauran ciniki, ta zo ta shimfiɗa zane a ƙasa ta kwana a gefen Umma, duk bayan ɗan lokaci sai ta karɓi waya ta sake gwada lambata. Iya, na gode. Allah Ya raya miki zuri'a.

Kawu kuma, ku ne kuka yi abin da ya kai ga gano mu. Daga kasuwar Mile 12 kuka hau danfo a cikin cunkoson dare kuka je gidan wani Alhaji da ke kai mutane ziyara zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas, kuka tashe shi daga barci. Shi ya kira wani muƙaddami a can, muƙaddamin ya nemo manyan ɗalibanmu 'yan Najeriya, su kuma suka je tasha da asuba suka yi ta tambayar direbobi har aka gane wace mota ce ba ta dawo ba. Alhaji, ba ku taɓa ganina ba sai ranar walima. Allah Ya saka da alheri, Ya karɓi ziyarce-ziyarcenku.

Da hantsi motar share ƙanƙara ta buɗe hanya, wani maƙwabcin tsohuwar ya kwashe mu zuwa asibiti a Azru. Aka sa wa abokinmu ƙarin ruwa da iskar numfashi, aka yi masa allurar kashe raɗaɗi. Kwana uku ya yi aka sallame shi, yanzu haka yana gida wajen iyayensa cikin ƙoshin lafiya. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta ara mini caja. Da na kira, Umma ta ɗauka, ta ji muryata, ta ce alhamdu lillahi sau uku, daga nan magana ta gagare ta, ta miƙa wa Baba. Shi kuma abin da ya fara tambaya shi ne, "Yaron mutane fa, ya jikinsa?" Ashe har labarin ciwon ya riga ya iso ta bakin manyan ɗaliban.

Ina gode wa abokan kasuwancin Baba da suka haɗa kuɗin magani tun kafin a nema, da ɗaliban da suka zo daga Fas da barguna da abinci suka karɓe mu a jinya. Abokan tafiyata biyar, mun yi kuskure tare, amma ko sau ɗaya ban ji wani ya ce bayansa ya gaji da goyo ba. Ba zan manta muku wannan ba. Iyayen abokinmu kuma, da muka kira mu ba su haƙuri, addu'a suka yi mana. Mun gode, kuma har yanzu muna jin nauyinku.

Umma, Baba, na faɗa muku a ɗaki, amma ina so in maimaita a gaban jama'ar da suka taya ku wannan daren: ku yafe mini. Kun tura ni karatu, kuna tauye bakinku don ku aiko mini, ni kuma na hau dutse ban ko yi muku sallama ba. Yaya ta gaya mini har aka kira asuba Umma ba ta tashi daga kan darduma ba. Wannan ba ya fita daga zuciyata.

Duk wanda ya kira, ko ya turo saƙo, ko ya tako zuwa walima daga Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago, ko ya yi mana addu'a daga inda yake ban sani ba, na gode, Allah Ya bar zumunci. Wanda ban ambata ba ya yi mini afuwa.

Direban nan ya ƙi karɓar ko dirhami ɗaya a kan kuɗin motar da muka yi ciniki tun farko, jallabiyar ma ya ce abokinmu ya riƙe. In Allah Ya kai mu watan Satumba zan koma, kuma Azru zan fara zuwa kafin sanyi ya shigo. Umma ta riga ta ɗaure ƙunshin tsohuwar: turmin atamfa, da turaren wuta, da yaji. Baba ya ƙara da hula da kilishi na direba, Iya kuma ta kawo ɗankwali ta ce lallai a sa a ciki, a gaya wa matar daga wajenta ne. Ɗan Agadas ya yi alkawarin raka ni don ya yi mana tafinta. Ku sa mu a addu'a Allah Ya sa mu same su lafiya.