Barkar da na je da mura

Ranar Litinin da asuba mijin aminiyata ya bugo waya ya ce ta sauka, an samu namiji. Ni kuwa kwana biyu ke nan ina fama da mura, irin wadda hunturu ke kawo mana a Maradi cikin watan Janairu, lokacin da ƙura ke rufe gari har ba ka hango ƙarshen layinku. Ba ta kwantar da ni ba, atishawa ce jefi-jefi da ɗan ƙaiƙayin maƙoshi. Maigidana ya ce in bari sai na warware. Na ce wace irin magana ce wannan? Haihuwar fari ce fa, kuma tun muna yara a Sabon Gari muke tare. In aka sallame ta ban leƙa ba, da wane ido zan kalli Innarta? Tsoron a ce "wance ba ta zo ba" shi ya fitar da ni daga gida.

Talata da hantsi na yi farfesun kaza, na biya babbar kasuwa na sayi sabulu da omo da 'yan kayan jarirai, na tari adaidaita. An riƙe su a asibiti ne saboda yaron kilo 2 da giram 300 ya zo, kuma duk jaririn da bai kai kilo biyu da rabi ba sai an sa masa ido.

A bakin ɗakin akwai bokiti mai famfo da sabulu, irin na zamanin korona. Na gan shi sarai. Hannuna biyu duk da kaya, sai na wuce abina. Ciki kuwa gadaje a jere, tagogi a rufe saboda sanyi, kowace mai jego da 'yan uwanta da kwanuka da fulas.

"Inna, barka da arziki."

"Barkanmu dai, ɗiyata. Zo ki karɓi ɗanki."

Ta miƙo mini shi cikin zane, ba nauyi ko kaɗan, faratansa kamar ƙwayar shinkafa. Na sumbace shi a goshi, na ƙara a kumatu. Can atishawa ta taso mini, na kau da kai na tare da bakin mayafina, har ina ganin na yi dabara. Jim kaɗan ya yi tumbuɗi, na sa wannan bakin mayafin na goge masa leɓe.

Wata malamar asibiti da ke duba gadon kusa ta juyo. "Hajiya, mura kike yi? Ajiye yaron nan." A gaban mutane ta faɗa. Raina ya ɓaci, har na ce mata mu ma mun haifa, uku gare ni. Ba ta tanka ba, ta karɓe shi ta mayar wa uwarsa. Duk hanyar gida ina mitar rashin iya maganarta.

Laraba aka sallame su. Daren Juma'a aminiyata ta kira ni tana kuka: ya ƙi kama nono, jikinsa zafi, numfashi sama-sama, ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja iska. Cikin daren suka koma asibiti. Ta ce lokotoro agogo ya riƙe yana ƙirga numfashin, don jariri in ya kai 60 a minti ɗaya ko ya wuce, alamar hatsari ce. Zafin jiki kuma in ya kai 38 ga wanda bai yi wata ba, ba a zama gida ana ɗura masa farasitamol. 'Ya'ya uku na raina, sai ranar na san wannan.

Kwana shida ya yi, da robar iska a hanci, ana yi masa allura ta jijiyar hannu. Ranar Litinin maza suka raɗa suna da safe, aka yanka rago, aka raba goro da dabino, amma mai sunan da uwarsa suna gadon asibiti. Taron mata ya rushe. Shinkafar waina da aka riga aka jiƙa maƙwabta aka rarraba wa, dangin da suka taso daga Tibiri da Madarunfa suka juya tun kafin azahar. Tun 2006 gwamnati ta ce kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, amma wasu magungunan sai da aka sayo a waje, ga abincin masu jinya safe da yamma. Mijinta ɗan tireda ne, na san ya ji jiki.

Ba wanda ya ce ni ce. Ɗakin cike yake da 'yan barka, ba ni kaɗai na ɗauke shi ba, kuma rabin garin tari yake yi a watan. Duk na faɗa wa kaina wannan. Amma da na rufe ido, bakin mayafin nan nake gani.

Abin da ke ba ni haushi har yau shi ne yadda muke yi. Duk wadda ta shigo sai an miƙa mata jariri, in ba ta karɓa ba a ce tana ƙyama ko baƙin ciki. Mai jego kuma, balle ta fari, kunya ba za ta bar ta ta ce wa babba "wanke hannunki" ba. Ke mai zuwa ce za ki ja wa kanki birki. In kina mura ko tari, ko ƙurjin zazzaɓi ya fito miki a leɓe, ki zauna gida. Ki aika kayan barkar da wani, ki kira ki faɗi dalili. Ana cewa zumunci a ƙafa yake, to ƙafar ta jira kwana biyar. In kuma lafiyarki ƙalau, ajiye kayan a ƙasa ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa shi, kada ki kai bakinki fuskarsa, kada kuma ki share wuri ki zauna. Malamar nan da na yi wa mita, da zan sake ganin ta haƙuri zan ba ta.

Yaron ya warke, alhamdu lillahi, yanzu ya yi ɓul-ɓul har wuya ya ɓace. Sai bayan arba'in na iya buɗe baki na gaya wa aminiyata abin da ke cina. Tana shayar da shi, ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Ai na gan ki lokacin, ƙawa. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga Inna na kallona."