Yau na yini ina kallon yatsun masu saye

Talata, bayan sallar isha'i.

Da sassafe Kawu ya kira ni: "Ɗana, shafin nan da ka gina mana, ana shiga kuwa? Ni ban ga ciniki ba." Shagonsa na shadda da atamfa yana Kantin Kwari, kuma shi a wurinsa ciniki shi ne mutum ya taɓa yadi, ya taya, a ce masa albarka, ya ƙara, a sallama.

Na fara da Google Analytics, manhajar da ke ƙirga masu shiga shafin intanet da abin da suke yi a ciki. Tun watan Yulin 2023 da Google ya daina tsohon tsarinsa ya bar mu da sabon da ake kira GA4, kowane motsi ƙirga shi ake yi daban: buɗe shafi, gangarawa ƙasa, danna maɓalli. Ya nuna min mutane na zuwa, yawancinsu daga Instagram, kusan duka da waya, sai su watse a shafin biyan kuɗi. Iyakarsa ke nan.

Sai na koma Clarity na kamfanin Microsoft, wanda kyauta ne, kuma can na shafe yinin. Shi yana maimaito maka ziyarar mutum tun daga shigowarsa har fitarsa, yana kuma da taswirar da ke yin ja a inda aka fi taɓawa. Jan ya taru a kan hotunan shadda. Mutum zai danna hoto, ya sake dannawa, ya yi ta dannawa cikin haushi, hoton bai girma ba. So yake ya ga saƙa da sheƙi. Wa zai sayi shadda bai ƙare mata kallo ba?

Na shafin biyan kuɗin ya fi ba ni dariya. Da zarar kuɗin aike ya bayyana, sai mutum ya ɗan tsaya, ya koma sama, ya danna koren maɓallin WhatsApp. A lissafin Google wannan ya gudu. Na kira yaron shago na tambaye shi, ya ce ai kullum masu turo hoton yadi suna cewa "nawa za a bari?" ba sa yankewa a wayarsa. Ashe cinikin yana nan, rangwame suke zuwa nema, kuma babu maɓallin da zai yi musu shi.

Abu ɗaya ya tsaya min a rai. Na ga ziyarar wani can tsakar dare, ya daɗe a kan lesi guda, ya sa a kwando, ya cire, ya sake sawa. Clarity yana rufe abin da mutum ya rubuta, ba na ganin suna ko lambar waya, amma duk da haka sai na ji kamar leƙe nake yi. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 tana nan, don haka kafin magariba na gyara sanarwar neman izinin bibiyar masu shiga shafin, na rubuta ta da Hausar da kowa zai gane. Meta Pixel kuwa, mai sa talla ta bi mutum har Facebook, na jingine shi tukuna.

Gobe in Allah ya kai mu zan sa a riƙa ƙirga danna WhatsApp cikin ciniki, in fito da kuɗin aike tun a shafin farko, sannan in je kasuwa da hantsi in sake ɗaukar hotunan shadda kusa-kusa.